Fitilar da ke Ƙarƙashin Kujerar Babur

Me ya sa Malam bai taɓa faɗa mini ba? Na tambayi kaina, na tambayi 'ya'yansa, har yau ban sami amsa ba. Ni ban yi karatu ba, 'yata Hadiza ce ke rubuta muku wannan ina faɗa, ku 'yan uwana na Rano da kuka aiko kuna tambayar abin da ya fitar da tsohuwa yawon gari a kan babur ba a daɗe da fitarta takaba ba. Idan kun ga rubutun ya karkace, kuka nake, ita ma tana yi.

Gyaɗi-Gyaɗi, bayan sallar asuba

Tun ranar da maigidana Malam ya rasu babur ɗinsa ke zaure, an lulluɓe shi da tamfol. Da na fita takaba, ƙaramin ɗana Auta ya saya masa sabon batir. Kwana kaɗan batirin ya mutu. Ya kai caji, ya dawo da shi, ya sake mutuwa. Idan an buga da ƙafa yana tashi, amma hon ba ya kuka, sitata, abin tayarwa na hannu, ba ta motsi.

Alhaji Inuwa, ƙanin Malam, shi ke kula da rabon gado. Ya ce mini, "Yaya, wannan tsohon ƙarfen ya bi mai shi. Ranar Juma'a za a raba. In ya warke, a sa miki shi a tumuninki na gado, Auta ya riƙa kai ki asibitin ido. In bai warke ba, 'yan gwangwan za a kira."

Na ce, "Kai ma tsohon ƙarfe ne, ba wanda ya kira maka su."

Ya yi dariya, ni ban yi ba. 'Yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, suna bayan layinmu, kullum ina jin gudumarsu. Ba zan zauna a ɗaki ina jin ana farfasa abin da ya ɗauke ni shekara da shekaru ba.

Shi ya sa ranar Laraba, ana sallame asuba, na sa hijabina na ce wa Auta ya fito da shi. Ya ce, "Inna, ki zauna in kai shi ni kaɗai." Na ce da ni za a je. Ya buga, ya buga, a na ƙarshe ya tashi da irin tarinsa na da. Na hau. Ban taɓa hawa bayan kowa ba sai Malam. Bayan Auta ya fi faɗi, kuma ba ya ƙanshin turaren nan.

Unguwar Gano

Gari na wayewa muka isa wurin mai cajin batir, yana buɗe rumfarsa yana shan koko. Ya cire batirin, ya kankare kawunansa da wuƙa, ya leƙa ruwan ciki, ya ɗora shi a kan injinsa. Muka zauna a benci har hantsi ya fara. Ya ce, "Hajiya, batirinku lafiyarsa ƙalau, yana karɓar wuta. Yunwa ce ke kashe shi. Ko dai babur ba ya ciyar da shi, ko wani abu na cinye masa abinci. Ku je Tarauni a duba koyil."

Da aka mayar da batirin, Auta ya danna hon. Ya yi kuka. Sau biyu gajeru Malam ke dannawa a ƙofar gida, in ji in ɗora masa ruwan shayi. Na juya fuskata wajen katanga. Mai caji ya ce, "Allah ya jiƙan mai shi."

Tarauni

Kafin mu kai kasuwa masu kula da hanya suka tare mu. Wani dogo ya ce, "Malam, ba ka san an hana haya da babur ba?"

Auta ya ce, "Mahaifiyata ce."

Ya leƙo fuskata. "Baba, da gaske ɗanki ne?"

Na ce, "Dubi hancinsa ka dubi nawa." Abokan aikinsa suka fashe da dariya, ya ɗaga mana hannu ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Bakaniken Tarauni mai surutu ne, hannunsa baƙi ƙirin. Tun bai taɓa babur ba ya ce koyil ne ya ƙone, wai irin waɗannan tsofaffin duk haka suke. Ya zare murfin inji, ya fito da wani abu mai naɗaɗɗiyar waya, ya shinshina, ya juya shi. Ya ce, "Kai. Wannan ya fi na wasu sababbi kyau. Wa ke kula da shi?" Auta ya ce mahaifinsa ne. Ya mayar ya ɗaure, ya ce mu tafi Daurawa wurin mai mitar gwada wuta.

Muka ci waina da miyar taushe a bakin kasuwa. A nan Malam ke tsayawa ya saya mini ɗanwake idan mun dawo daga asibiti, ya ce likita ya hana ni yaji, sannan ya zuba mini da hannunsa. Waina biyu na iya ci.

Daurawa, wajen azahar

Mai mita ya sa wayoyinsa ja da baƙa a kan batir, ya ce Auta ya tayar ya murɗa. Ya nuna mini ƙwayoyin rubutu suna tsalle, kamar zan gane. Ya ce, "Hajiya, inji na bayar da wuta. Ɗan akwatin da ke tura ta cikin batir shi ma yana aikinsa. Idan yana tafiya yana caji. Ban ga ciwo ba."

Auta ya share gumi. Ya ce, "Inna, kowa ya ce lafiyarsa ƙalau, amma jibi zai sake mutuwa. Baffa Inuwa ba zai yarda ba. Mu koma, kin gaji."

Na gaji, gwiwoyina sun kumbura. Na yi azahar a gidan wata mata mai sayar da kunun aya, ta ba ni tabarma da buta, ta ƙi karɓar kuɗin kunu da ta ji labarina. Da na fito na ce wa mai mita, "Ɗana, ka ce idan yana tafiya. To, idan yana kwance fa? A zaure yake mutuwa, ba a hanya ba."

Ya ajiye wayoyinsa. Ya ce, "Wannan sai mai wayarin, mai gyaran wayoyi. Akwai wani a Darmanawa, Malam Tukur, gindin darbejiya. Ku ce ɓarawon wuta ake nema."

Darmanawa, bayan la'asar

Hanyar shiga duk ramuka ce, na riƙe ƙarfen baya kamar yadda na saba. Malam Tukur dattijo ne mai tabarau, ba ya gaggawa. Ya kashe babur, ya zare makulli ya miƙa mini, ya ce in riƙe. Ya kwance waya guda daga kan batir, ya sake taɓa ta a hankali. Wani ɗan tartsatsi ya yi ƙyas.

Ya ce, "Kun gani? Makulli na hannun Hajiya, amma wani abu na shan wuta."

Ya cire kujera, ya riƙa bin wayoyi da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce wannan ta kamfani ce, wannan ma. Sai ya tsaya. "Wannan ba ta kamfani ba ce. Kai tsaye aka ja ta daga batir, ba ta bi ta makulli ba." Ya bi ta har gefen hagu, ya durƙusa, ya rufa tafin hannunsa a ƙarƙashin ƙarfen kujera. Ya ce wa Auta, "Zo ka gani."

Wani ɗan ƙwan fitila ne, bai kai ƙwayar dabino ba, yana ci. Da rana ba mai lura da shi. An karkata shi ya dubi matakin ƙafa na baya da ƙasan da ke gabansa. A gefensa ɗan makunni, an ɗaure shi da ƙyalle.

Auta ya ce, "Wannan kuma na mene ne?"

Na ce, "Fitilar sauka ce mana. Ba kowane babur ke da ita ba?"

Su biyun suka dube ni. Malam Tukur ya ce, "Hajiya, tun ina saurayi nake wannan aiki, ban taɓa ganin babur mai fitilar sauka ba."

Na matso da fuskata har na kusa taɓa ƙarfen. Ƙyallen nan na san shi. Gefen tsohon zanina ne mai ruwan goro, wanda na nema na rasa shekarar da yanar ido ta fara rufe mini gani, shekarar da na faɗi a bakin kwata na fasa gwiwa. Tun daga nan duk sanda muka dawo da magariba sai in ga ƙasa ta yi haske a inda zan taka. Ban taɓa tambaya ba. Babur ɗaya na sani a duniya, na ɗauka duk haka ake yin su.

Malam Tukur ya ce, "An bar ta a kunne ne. Ita ke shanye batir a ƙarƙashin tamfol. In yanke wayar?"

Auta ya buɗe baki, na riga shi. Na ce, "Kada ka taɓa ta. Nuna mini inda ake dannawa."

Ya kama yatsana ta cikin hijabi ya ɗora a kan makunnin. Na danna, ta mutu. Ya sake taɓa wayar batir, babu tartsatsi. Na daɗe a durƙushe a wurin, ba wanda ya ce in tashi.

Komawa gida

Ana kiran magariba muka shigo layinmu. Alhaji Inuwa na kan dakali yana alwala. Auta ya danna hon sau biyu gajeru, butar ta kusa faɗuwa daga hannunsa. Da ya ji bayani, ya durƙusa ya leƙa, ya miƙe yana goge ido da hannun riga. Ya ce, "Yaya, naki ne. Ko ɗinkin hula Yayana bai iya ba, ashe ya iya wannan."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa mai caji, da bakanike, da mai mita, da mai kunun aya, da Malam Tukur. Allah ya biya su.

Yanzu kun san wanda ya bar ta a kunne. Ranar nan daga gidan suna muka dawo, da magariba kamar haka. Na sauka na shige in yi alwala. Malam ya zauna a dakali ya huta, bai ƙara miƙewa ba. Maƙwabta suka ɗauke shi zuwa asibiti, wasu suka tura babur zaure suka rufe. Bai samu ya kashe ta ba.

Ranar nan, kafin in sauka, Malam ya miƙa hannunsa baya, kamar yadda yake yi kullum, ni ina zaton gyara riga yake. Ya ce:

"Dakata, Asabe, kada ki yi sauri. To, ga ƙasa nan. Taka a hankali, ina nan bayanki."