Masu Ruwa na Garin Yayata

Shekarar da fari ya sake zagayowa, fata nake saye. Dabbobi suna mutuwa, ƙirgi ya yi arha, ni kuwa ina bin kasuwannin ƙauye daga Damagaram har Dogo ina lodawa a kamyo, wato babbar motar kaya. Ba sana'ar alfahari ba ce, amma ita ta ciyar da gidana.

Yayata tana aure a wani gari kusa da Dogo, mai tafki a gindin giginyu. Tafkin yana da idon ruwa a ƙarƙashi, shi ya sa bai taɓa ƙafewa ba, kuma cike yake da kadoji. Mutanen garin ba sa kiransu kada, masu ruwa suke cewa. Akwai amana tsakaninsu tun kaka da kakanni: ba a kashe su, su kuma ba sa taɓa ɗan gari. Ran kasuwa baƙi kan zo da kaza a jefa musu, sannan sarkin ruwa, wani tsoho siriri, ya riƙe hannun baƙo ya shiga da shi har ƙirji, kadoji suna gilmawa ta gefensa. Mutum ya koma gida da labari.

A shekarar nan ruwan ya ja baya, bakin tafki ya zama taɓo. Duk macen da ke son ruwan sha mai kyau sai ta tattare zane ta shiga har ƙugu. Yayata tana shiga safe da yamma. Kaza kuwa, wa ke da ita balle ya jefar?

Cikin kayan wani Nasara da ya tashi komawa ƙasarsu na samu tabarau na roba mai rufe ido da hanci, haɗe da ɗan tiyo da ake cizawa a baki. Mutum yana kife cikin ruwa yana numfashi yana kallon ƙasa. Na zo da shi ne don in ga ƙarfin idon ruwan, saboda ina tunanin kafa inji a yi garka.

Mijin yayata ya juya shi a hannu yana dariya.

"Ɗan birni, wannan takunkumin raƙumi ne ko na jaki?"

"Na mai son ganin kaya kafin ya saya ne," na ce.

"To shiga mana. In sun cinye ka, fatun da ke cikin kamyo sun zama nawa."

Yaya ta ce, "Kai dai auta, ka yi bisimilla, kada ka saki hannun Baba sarkin ruwa."

Da hantsi muka shiga. Hannun tsohon kamar busasshen kara. Da ruwa ya kai mini ƙirji na kifa fuska. Kusa da idon ruwan garau yake, ana ganin yashi yana ɗan motsi inda ruwa ke ɓulɓulowa, kaɗan kaɗan, bai kai a kawo masa inji ba. Wannan ciniki ya mutu nan take.

Sai na ɗaga ido na gan su. Daga sama kai kawai ake gani da gadon baya, kuma kan kada ba ya ramewa. Daga ƙasa ne na ga sauran. Ni mai sayen fata ne, na san dabbar da yunwa ta ci. Wuyansu ya zube, gindin wutsiya inda kitse ke taruwa ya lotsa, fatar ciki ta yi yawa tana lilo. Na duba ko'ina ban ga kifi ba, ko ɗan tarwaɗa, ko kwaɗo. A ƙarƙashin wata saiwa an cusa rabin wani ƙaramin kada, ba kai.

Manyan suna kwance a ƙasa ba motsi, kuma duk sun fuskanci wuri ɗaya. Na bi da ido. Can gaba, cikin ruwa mai duhu-duhu, ƙafafun mata ne a tsaye. Na gane na Yaya da bakin shuɗin zanenta.

Ina jin numfashina cikin tiyon kamar na wani mutum dabam. Ɗaya daga cikinsu ya taso a hankali ya wuce ta gabana, har ruwan wutsiyarsa ya ture ni. Ban yi ihu ba. Na miƙe, na ce wa tsohon mu fita, a hankali.

A bakin tafki na faɗa masa abin da na gani, gaban mutane. Fuskarsa ta ɗaure.

"Yaro, tun kafin a haifi kakanka suke nan. Amana ce."

"Baba, na yarda amana ce. Amma na yi hulɗa da mutanen kirki da yawa a bana, na ga yadda fari ya sauya su. Wanda ya fara cin ɗansa, ban ga abin da zai hana shi cin maƙwabci ba."

Wani ya ce in kama bakina. Mijin yayata ya daina dariya, amma ya ce abin da na san zai ce: in ba su sha nan ba, ina za su sha? Na roƙi Yaya ta biyo ni birni ta zauna har damina. Ta ce ta bar wa wa gidan? Da yamma ina tsaye ta sake tattare zane ta shiga. Ban ɗauke ido daga kan ruwan ba har ta fito.

Washegari ina ɗaure kaya sai ga tsohon shi kaɗai. Bai gaishe ni da yawa ba.

"Kawo takunkumin nan."

Na ɗaura masa, na nuna masa yadda ake cizon tiyon. Ya shiga, ya kifa. Ya daɗe, bakin tiyon yana tsaye a kan ruwa. Da ya fito ya miƙo mini abina, ya juya ya nufi gari.

Kafin azahar aka yi shela a gari: masu ruwa sun nemi a ba su wuri. Daga yau ba mai sa ƙafa cikin tafki, mace ko namiji, baƙo ko ɗan gari, har sai ruwan sama ya sauka. Ba wanda ya ambaci yunwa, ba wanda ya ambace ni. Aka shimfiɗa itacen giginya a kan taɓo, aka ɗaura guga a bakin dogayen sanduna.

Da kamyo ya tashi na hango Yaya a kan itacen, tana miƙa sandarta daga nesa. Inda gugan ya faɗa, kawuna suka taso, suka kewaye shi shiru.