Yatsun Timos

Timoleon Grammenos, wanda kowa a garinmu na tsibirin Korfu ke kira Timos, aikinsa kai wa mutane kofi a ɗaya daga cikin shagunan Liston, waɗanda ke kallon filin kurket. Ni na riƙe musu kambi a coci ranar aurensa da Evanthia, shi ya sa har muka tsufa kumbare muke kiran juna, kamar yadda ango da abokin ango ke yi a wurinmu. Tare muka shiga ƙungiyar badujalar unguwarmu, ni da ƙaho, shi da doguwar baƙar sarewa mai maɓallan azurfa. A kurket ne muka raba hanya. Ni ɗan kallo ne, shi kuwa mai tsaron turaku, wato mutumin da ke durƙusawa bayan mai bugu yana cafe duk ƙwallon da ta wuce.

Ƙwallon kurket da dutse duk ɗaya ne. A wancan zamani kulob ɗinsu buhun kaya ɗaya gare shi, ragowar abin da ma'aikatan wani jirgin ruwan Ingila suka bari. Garkuwar ƙwauri ba ta isa kowa ba, sai mai bugu ya ɗaura guda a ƙafar da yake sawa gaba, ɗayar kuma ya bar wa Allah. Hular kwano ko labarinta ba mu ji ba. Safar hannun Timos kuwa ta girme shi, fatar tafinta ta siɗe har kana iya ganin hasken rana ta ciki.

Evanthia tela ce. Duk shekara sai ta farke safar nan, ta cusa mata ulu da soso da yankakken tub ɗin keke, ta mayar ta ɗinke. Wata rana wani tsohon ɗan wasa ya ce wa Timos 'yan Ingila ɗanyen nama suke shimfiɗawa a tafin hannu. Ya gwada. Da yamma kyanwoyin unguwa suka rako shi har ƙofar gida.

"Naman da zan yi mana pastitsada da shi ka je ka ba ƙwallo?" in ji Evanthia. "To yau sai ka ci taliya da safarka."

Mutum biyu ne ke rigima a kan hannayensa: Maestro Varthis, shugaban badujalarmu, da Fotis mahauci, kyaftin ɗin kulob. Duk ranar gwaji, kafin a fara busa, Maestro zai ce, "Timoleon, miƙo." Ya juya hannayen, ya danna kowace gaɓa, ya girgiza kai. In sun haɗu da Fotis a Liston sai a dasa.

"Maestro, masu sarewa benci guda gare ka," Fotis zai ce. "Ni mai cafe ɗaya nake da shi a duk tsibirin nan."

"Ka sa naka hannun mana. Yatsunka kamar tsiran aladen shagonka, wa zai yi kukan su?"

Timos dai ya ajiye wa kowa kofinsa, ya yi murmushi, ya wuce.

Wata shekara Maestro ya zaɓe shi ya busa wurin da sarewa ke fita ita kaɗai a jerin gwanon safiyar Asabar ɗin Ista. Duk hunturu yana gwaji, har maƙwabta suka haddace. Evanthia ta roƙe shi kada ya taɓa ƙwallo sai Ista ta wuce, ya kuma yarda. Sai ga wani jirgin Ingila ya tsaya a tashar ruwa ana saura 'yan kwanaki, ma'aikatansa suka nemi wasa. Fotis bai roƙe shi ba. Zuwa ya yi ya tsaya a bakin shagon da buhun kaya a kafaɗa, yana kallon fili. Timos ya kai tire biyu, ya dawo, ya kwance ƙyallen aikin da ya ɗaura a gaba, ya bi shi.

Ana dab da tashi daga wasan, ƙwallo ta daki bakin tabarmar da ake shimfiɗawa a tsakiyar fili, ta karkace, ta same shi a kan yatsan zobe na dama. Daga inda nake zaune na ji ƙarar. Ya sa hannun a hammata na ɗan lokaci, ya koma ya durƙusa, ya ƙarasa wasan. Da aka zo cire safar sai da aka sa almakashi.

Ranar Asabar ya fito cikin kayan badujala, hannu a naɗe, aka ba shi tuta ya riƙe da hagu. Wani ya busa wurinsa. Bayan an watse muna tafiya gida, can ya ce, "Kumbare, ya busa da kyau fa." Na ce ai kuwa.

Yatsan ya warke a lanƙwashe. Ya ɗauki sarewa ya gwada, iska na zurarewa ta ramin da yatsan ya kasa toshewa. Ya yi watanni yana fama, daga baya ya goge ta, ya sa a akwatinta, ya kai wa Maestro. Maestro bai yi masa faɗa ba. Babbar ganga ya nuna masa, ya ce, "Wannan ba ruwanta da yatsu." Ita ya ci gaba da kaɗawa har ƙafafunsa suka gaji da jerin gwano.

Cikin bazarar shekarar nan aka kawo ƙunshi daga Melbourne. Ashe tun hunturu Evanthia ta roƙi yayanta da ke can ya nemo mata safar hannu ta gaske. Sabuwa fil, fata mai kauri, kowane yatsa da hularsa ta roba. Ta ajiye masa a kan tebur, ta fita baranda ta hau kwashe shanyar da ba ta bushe ba. Ya sa safar nan ya yi shekaru yana wasa da ita, ko farce bai sake fasawa ba.

Da ya bar wasa sai ya zama mai kula da kayan kulob. Shi ke shanya garkuwar ƙwauri, ya shafa wa fata mai, ya canja igiyar da ta tsinke. A lokacinsa hular kwano ta iso tsibirin, samari suka ƙi ta.

"Barba Timos, zafi gare ta," wani ya ce masa, don Barba muke ce wa dattijo. "Kuma 'yan matan Liston ba za su ga fuskata ba."

"Taimakonka ta yi ke nan. Sa."

Ba ya wa'azi. In mutum ya taurare, sai ya miƙa masa hannu su gaisa, ya riƙe shi ya ƙi saki da wuri. Yawanci daga nan sai ka ga an ɗauki hular.

Sau ɗaya na tambaye shi ko yana da-na-sani. Muna shan tsitsibira ne, lemon cittarmu, ana yayyafi. Ya ce, "In na ji sarewa, ina yi. In na ji ƙarar ƙwallo a tafin hannu, ba na yi. Ya danganta da wanda na fara ji ran nan." Ya ƙara da cewa, "Ita dai Evanthia na yi wa alkawari. Wannan ne bai warke ba."

Bayan rasuwar Evanthia, sanyin ƙashi ya ƙarasa yatsun, ko maɓallin riga ba ya iya sawa. 'Yarsa ta ɗauke shi ta kai shi gidanta a Yannina, garin da ba wanda ya san kurket. Na ƙetare ruwa na je na gan shi a kaka. Ya rame, amma bakin na nan. Ya tambayi wa ya mutu, wa ya yi aure, sannan ya ce wa ke tsaron turaku yanzu. Na ce masa kulob ya buɗe ɓangaren mata, kuma wadda ta fi kowa iya cafe jikar Fotis ce, Danai.

"Tana sa hula?"

"Tana sawa."

"Yaya take tsayawa?"

Na tashi da tsufana na gwada masa, gwiwoyina na ƙara. Ya yi dariya har da tari.

"Ta matso da yawa. Ka ce mata ta ja baya taku guda, kuma ta bar nuna wa ƙwallo kan yatsu. Ƙasa za su kalla."

Da na dawo na same ta a fili na faɗa mata. Ta tambaye ni wane ne Timos. Na ce ta zauna, in ba ta da sauri.