Aikin Hutun Ɗan Fari

A shekarata ta ƙarshe a makarantar horon malamai, Baturen da ke koya mana ilimin halayyar yara ya gaji da haddarmu. Ya ce mun iya karanto littafi kamar aku, amma ba wanda ya taɓa zama ya binciki yaro ko ɗaya da kansa. Da hutun damina ya zo, sai ya ba mu zaɓi. Mutum ya zauna a elemantare yana kallon wasan yara, ko ya je ɗakin shan magani ya ga yadda suke kuka da yadda ake lallashinsu, ko kuwa ya je wurin mahaifiyarsa ya ji tarihin yarintarsa daga bakinta: yaushe ya yi rarrafe, yaya aka yaye shi, me ya taɓa firgita shi. Ni da shegen son banza na cafke na ukun, na ce wannan ko takalmi ba sai na sa ba.

Sai da na sauka daga jirgin ƙasa a Birniwa hankalina ya dawo jikina. Ni fa ɗan fari ne.

Mu Fulanin gida ne. Yawo ya tafi, Fulatancin ma ya bi shi, amma kunya tana nan daram. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In ta zuba mini tuwo sai ta ce da duk wanda ke kusa, "A miƙa wa wancan." Kakata ce ta raine ni tun daga yaye, ita kuwa ta rasu ina aji biyu. Baba ya haura tudu da shanu, ko yana nan ma ya fi Inna kunya. Saura goggona da ke aure a Kafin Hausa, ita ce na sa rai za ta fitar da ni.

Ban kai ga shirya tafiyar ba kogi ya kawo. Ƙauyenmu yana kan ɗan tudu ta wajen garin Baturiya, ruwa ya shanye fadama, ya shanye shinkafa, ya shanye hanya. Ɗakina na soro ya jiƙe ya zube, aka mayar da shimfiɗata rumfar tsakar gida, daidai ƙofar ɗakin Inna. To ga mu nan, ni da ita, a filin da bai fi shimfiɗar tabarmi kaɗan ba, daga safe har magariba. Ta wuce, in sunkuyar da kai. In tashi, ta juya baya. Sauro ya ci rabonsa, kwaɗi suna ta yi, tarwaɗa kuwa na ci har na tsane ta.

Ran nan tana gyaran kifi na daure na tsuguna nesa kaɗan.

"Inna, makaranta ce ta aiko ni da tambaya."

Wuƙarta ba ta tsaya ba.

"Wai a wata nawa na fara tafiya?"

Ta ajiye wuƙar, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wajen danga inda maƙwabciyarmu ke daka. "Ke ji mini boko," in ji ta. "Abin da aka tafi koyowa ke nan." Ta shige ɗaki, ta bar kifin kaji suna zagaye.

Kafin la'asar magana ta gama gari, don garin da ruwa ya kewaye ba shi da abin yi sai gulma. A masallaci wani tsoho abokin wasana ya kama hannuna ya ce, "Malam, an gano watan rarrafen?" Aka yi ta dariya, ni ma na yi, ta dole.

Na san zan iya ƙirƙira. Wa zai shigo cikin wannan ruwa ya bincika? Amma zuwa lokacin ba Baturen ne a raina ba. Ina gab da zama malamin 'ya'yan mutane, ban taɓa jin uwata ta faɗi magana ɗaya a kaina ba. Haushi na ji, ba ƙarami ba, kuma na rasa wanda zan ji haushinsa, don ni ma in aka ce in ɗaga ido in dube ta ba zan iya ba. Haka muka ƙarasa hutun, ba ta ƙara zama a tsakar gida in ina nan ba.

Ranar komawa ruwa bai janye ba, sai da aka kira mai fito da kwalekwalensa. Mata suka rako ni bakin ruwa, Inna na can bayansu. Na sa akwatina, na nufi goshin jirgi zan zauna, sai na ji muryarta a sama, yadda ban taɓa ji ba.

"Mai jirgi! Wancan na wajenka, zaunar da shi a tsakiya. Ba ya son ruwa. Yana wata tara ya suɓuce daga bayana a mashigin nan, ni na nutsa na lalubo shi. Kwana bakwai bai kama nono ba."

Ni dai na san tun tasowata ba na bin yara wanka a kogi, ban taɓa sanin dalili ba. Tambayoyi suka cika mini baki. Mai fito ya ce, "To, Inna," ya nuna mini tsakiya, ya kafa sandarsa ya tura.

Na zauna inda ta ce, bayana yana wajenta. Na so in waiwaya, wallahi na so, amma mata suna kallo, wuyana ya ƙi. Sai da muka sha kwanar ciyawa na juya, lokacin ba a ganin kowa.