Ɗorawar da aka yage wa ɓawo

Kakata Iya Dije ba don nishaɗi take yi mana tatsuniya ba. Daddawa take yi a ƙauyenmu, gabas da Malumfashi, kuma kalwa ba ta dahuwa da wuri. Bayan magariba sai ta zauna gaban tukunya tana iza wuta, ƙafafunta a kumbure, mu kuma mu kewaye ta. Ina jin labarin ne yake hana ta gyangyaɗi.

"Ga ta nan," in ji ta, "wanda zai yi barci ya matsa daga wutar."

Wani manomi ne, ɗorawa ta yi wa geronsa inuwa. Ya zo da gatari, sai ɗorawar ta ce masa, "Rage ni, ban hana ka ba. Amma bari damina ta wuce. Ka fara sara ta ƙasan reshen, sannan ta sama, kada ka bar dungu." Mutumin yana sauri. Ya dinga sara ta sama kawai, reshen ya karye da nauyinsa, ya yage ɓawo har gindi. Ɗorawa ta ci gaba da 'ya'ya shekara da shekaru, ruwa kuwa yana shiga ciwon. Ran nan, ba iska ba hadari, ta kife a kan bukkarsa.

"Iya, me ya hana ta faɗi tun farko?"

"Kai dai, ɗan nan. Ita ma sai da ta jure iya jurewarta. Miƙo min itacen can."

Yanzu ni ne tsohon, a Funtua. Bara maƙwabcina Alhaji ya yi ƙorafin mangwaron gidana yana taɓa masa kwano. Gwiwa ta hana ni hawa, sai aka kira samari da adda, tsakiyar damina. Na tsaya a ƙasa ina cewa, "Ta ƙasa tukuna!" Suka ce, "Baba, mun saba." Na ji ƙarar yagewar har cikin haƙorana.

Na gaji da bayani, wallahi. Mangwaron yana nan kore shar, bana ma ya fi yin 'ya'ya, kowa yana cewa na cika fargaba. Jiya na sa yatsa a wurin yagewar, ya nutse. Na naɗe tabarmar jikokina daga inuwar, suna kuka, na kai ta zaure.