Soja, Mi Kag Gani?

Ku daina ce mun sai wanda boko ya kasa ka shiga soja. Ku da ba ku san Kawu Mamuda ba!

Ƙanen inna ta ne, ɗan Aliero. Gidansu gidan ɗori ne, babansu Malam Tamu har daga Maiyama ake kawo mai masu karaya. Shekarar 1983, muna Jihar Sakkwato, Kebbi ko a mafarki babu, Kawu yag gama sakandare bai san mi yaka so ba. Gonar albasa ta gundure shi, ihun masu karaya a zaure kuwa sai ya toshe kunne. Malam Tamu yac ce in bai zauna ya karɓi gadon gida ba, to kada ya ƙara kiran shi baba.

Ranar kasuwar Jega yag gamu da abokinshi Jibrin, ya zo hutu cikin kaki.

"Kai ɗan mai ɗori, har yanzu kana nan kana auna titi?"

"To kai da kas sa kaki ka zama gwamna?"

"A'a, amma ina koyon gyaran rediyo, gwamnati ka biya."

Sati biyu bayan nan Kawu yah hau motar albasa sai Sakkwato, wurin ɗiban soja. Har yau yana dariya, wai warin albasa ya riga shi isa gaban mai awon ƙirji.

A daffo, sansanin horon sababbin soja, wani kurtu ya faɗo daga katangar horo, kafaɗarshi ta goce. Kahin a nemo mota, Kawu ya dafa ya ja, ƙashi ya koma. Shi kanshi bai san hannunshi ya iya ba. Sajan ya tambai shi inda ya koya, yac ce kallo ne kawai. Haka anka tura shi kwas na jinya. Can ya koyi allura, ɗinki, da karanta hoton ƙashi.

Shekara biyar yana aiko da wasiƙa, Malam Tamu bai amsa ko ɗaya ba.

A 1988 yaz zo hutu. Ya iske zaure cike, an kwantar da wani manomi daga Kimba, ƙafa ta kumbura tana wari. Ya yi sallama, tsoho bai ɗago ba. Can sai yac ce, "Soja, mi kag gani?"

"Malam, wanga ya wuce ɗori. Ciwon ya ruɓe daga ciki. In ba a kai shi asibiti Birnin Kebbi yau ba, ƙafar za ta tahi."

Inna tac ce ba a taɓa musa ma tsoho a gaban mutanenshi ba. Malam Tamu ya daɗe yana shafa ƙafar, ya sunsuna, sannan yac ce a nemo mota.

Da motar tat tashi, tsoho ya juyo ga Kawu: "Wane ne Malam? Ba ka da uba ne?"

Ran nan akushi ɗaya sunka ci tuwo.

Yanzu Kawu ya yi ritaya, yana zaune Sabon Garin Jega, gwiwa ta gaji. Irinshi nawa ne a gidajenku, waɗanda sunka tahi ba su san hanya ba sunka dawo da ilimi? Kar ku karanta ku wuce shiru. Ku rubuto sunayensu da garuruwansu a nan ƙasa, yau ɗin nan, tun suna da rai.