Gayyar Kwazazzabon Garinmu

Jiya da rana aka juye kwalta mai zafi a wurin aikinmu kusa da unguwar Murabba, nan ƙasar Larabawa, warinta ya bugi hancina. Mudir, wato shugaban aikin, yana ta azalzalar mu da "yalla, yalla", ni kuwa na tsaya riƙe da shebur, hankalina ya riga ya koma gida.

Ina firamare aka ce gwamnati za ta ja titi daga hedikwatar ƙaramar hukuma ya biyo ta garinmu. Murnar ba ta yi nisa ba. Masu awo suka zo suka leƙa kwazazzabon da ke yamma da gari, suka girgiza kai, suka je suka kafa turakunsu ta garin maƙwabtanmu. Kowa ya san abin da zai biyo baya: inda mota ta bi, can kasuwa za ta koma. Kasuwarmu ta Laraba kuwa da ita muke ci, da ita muke tutiya.

Kakana shi ne mai unguwar yamma, gajeren tsoho mai faɗa, ko akuya ce ta shiga gonarsa sai ta sha wa'azi. Ya je wurin kansila, aka ba shi haƙuri. Ya je wurin ciyaman, ya wuni a kan benci, daga ƙarshe aka ce masa mota ba za ta iya haye ramin nan ba. Da ya dawo ya sami dattawa a ƙofar masallaci ya ce, "To, in ramin ne damuwarsu, mu cike musu shi."

Ka san gayya a wurinmu ta noma ce, ba a taɓa yi wa gwamnati ita ba. Amma ana gama girbi aka yi shela. Makaɗa suka fito da gangar noma, maza na sarar marmara, samari na jigilar duwatsu a amalanke, maƙera suka fasa gindin tsofaffin durom aka jera a ƙasa don ruwa ya sami hanya. Kakata ta haɗa kan mata suka kafa dokar da ta fi ta ciyaman ƙarfi: duk magidancin da ya dawo babu jar ƙasa a ƙafarsa, babu shi babu tuwo. Har liman sai da ya naɗe hannun riga.

Ranar da ciyaman ya fito rangadi, kakana ya tsaya tsakiyar hanya ya tare motarsa. "Ranka ya daɗe, yau ta nan za ka bi."

Ciyaman ya dubi taron, ya dubi tsohon, ya yi wa direba nuni. Motar ta gangara a hankali, ta taka cikon ta haye. Guɗar da mata suka rangaɗa har garin maƙwabta an ji ta. Ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba. Kafin ruwa ya sauka aka tuge turakun aka dawo da su wajenmu.

Yanzu gadar siminti ce a wurin. Yaran yau kwata ta toshe, hotonta suke ɗauka a waya su zauna jiran kansila. Mu jikokin tsohon kuma ta kan titin nan muka fice ɗaya bayan ɗaya, abin da bai taɓa kawowa a ransa ba, Allah ya jiƙansa. Duk da haka, in na kira mahaifiyata ranar Laraba daga ɗakinmu a unguwar Manfuha, da ƙyar nake jin muryarta saboda hon ɗin manyan motoci. Sai ta ce, "Kira ni gobe, ɗan nan, yau kasuwa ke ci."