Mai Burodi da Farantin Matarsa

Mijin yayata mai gidan burodi ne, kuma ban taɓa ganin mutumin da ya yarda da sana'arsa kamar shi ba. Shekara ashirin da bakwai yana kwaɓa fulawa. Tun yana ɗan shekara talatin 'yan unguwa suka raɗa masa suna Furfura, don kullum gemunsa fari tas da gari, har sunan ya danne na gaskiya. A wurinsa babu ciwon da burodi mai zafi ba ya magani. Mura, burodi. Ɓacin rai, burodi. Ranar da na faɗi jarabawar tuƙi guda biyu ya aiko mini, wai in yi haƙuri.

To da Yaya ta fara ramewa, cikinta na kumburi, tana tashi da safe a gajiye tiɓis, me kuke zato ya yi? Ƙara mata burodi ya yi. Na musamman ma, mai madara da ƙwai, wanda ba ya sayar wa kowa. Shekara biyu ana haka, tana ci tana ƙara lalacewa, kafin a yi mata gwajin jini, a leƙa hanjinta da na'ura, likita ya zaunar da mu mu uku.

Ya ce sunan cutar siliyak. Akwai wani sinadari a cikin alkama da sha'ir da danginsu, ana ce masa gulutin. Jikin Yaya yaƙi yake yi da shi, kuma hanjinta ne ke kwana a ciki. Babu ƙwaya, babu allura. Maganin ɗaya ne, ta rabu da alkama har abada, ko ɓurɓushi kada ya shiga bakinta.

Furfura ya gyara zama. Ya ce, "Likita, alkamar wa?"

"Ta kowa."

"A'a, ai fulawa iri-iri ce. Ni mai lamba ɗaya nake saye."

Likita ya ce, "Malam, ko daga sama aka sauko da ita."

Na yi dariya har da ƙwalla. Da muka shiga mota kuwa, sai ya kifa kai a kan sitiyari ya fashe da kuka, ƙato da shi, yana cewa da hannunsa ya yi ta ba ta. Ni mai tsokanarsa tun ina yarinya, ranar sai da tausayinsa ya kama ni.

Washegari ya tashi wani mutum dabam. Ya sayo sababbin tukwane da cokula da katakon yanka, ya shafa wa kowanne jan fenti a gindi. Ya kafa dokar hana burodi shiga gidan mai burodi. 'Ya'yansu sai a bakin ƙofa suke tsayawa su cinye nasu, su kakkaɓe riga, su wanke hannu, sannan su shigo. Shi kansa ba ya taka kicin, amma wannan tsohuwar doka ce, tun farkon aure Yaya ta kore shi saboda shisshigi. Ita ke dafawa, ita ke zuba wa kanta. Cikin 'yan watanni kumatunta suka fara dawowa.

Matsalar Asabar ce. Tun suna ango da amarya, duk Asabar ƙarfe ɗaya yana rufe gidan burodi, ya cire rigar aiki, ya sa mai kyau, ya ɗauko Yaya su je su ci abincin rana a waje. Rana ɗaya ke nan a mako da take cin abin da ba ita ta tsaya a kansa ba, ta tashi ta bar faranti wani ya wanke. Tun Alhamis take goge kayan da za ta sa. Bayan zuwa wurin likita sai aka fara tafiya da ni, kuma ban daɗe ba na gane aikina: ba mutane haƙuri.

Tambayoyinsa, in faɗi gaskiya, daidai suke. Man da za a soya dankalin nan, an soya wani abu mai fulawa a ciki? Da me aka yi wa miya kauri? Kawo kwalin kayan ɗanɗanon in karanta abin da ke ciki. A kan wane katako ake yanka burodi, a kan wanne ake yanka nama? Duk mai wannan cuta ya kamata ya yi su. Amma shi ba tambaya yake yi ba, tuhuma yake yi. Zai kutsa kicin ɗin mutane ba sallama, yana buɗe tukwane yana shinshinawa. Akwai kukun da ya biyo shi har bakin titi da ludayi. In an gama duk wannan an kawo abinci, har yanzu bai yarda da wankin kowa ba. Sai ya saukar da ɗan tawul ɗin da ke saɓe a kafaɗarsa kullum, ya goge bakin farantin Yaya, ya goge cokalinta ciki da baya, ya goge kofi, ya sunkuya da gemu ya duba shinkafar da kyau, sannan ya tura mata. "Yanzu ki ci."

Kowace Lahadi kuma Yaya a kwance take, tana murƙususu. Litinin da rana ya koma gidan abincin ya yi musu tas, ya ce azzalumai ne, ba sa tsoron Allah. Gidajen abinci huɗu muka bari a haka. A biyu daga ciki an ce kada ya sake taka ƙofarsu.

Da aka sake gwaji, likita ya ce hanjin bai warke yadda ya kamata ba, wani abu na shiga. In ba a gano shi ba, cin abinci a waje ya ƙare. Yaya ta roƙi Asabar ɗaya tak. Ta ce mini, "Auta, in wannan ma ta ƙi, shi ke nan, ni da tukunyata har kabari." Tana dariya ta faɗa, amma na san yayata.

Ni na nemo wurin. Ƙarami ne, tebur shida, kowanne da shimfiɗar leda baƙa. Mai abincin gajeruwar mace ce mai faɗin kafaɗa, kuma 'yarta ma siliyak gare ta. Furfura ya buɗe baki zai fara, ta riga shi.

"Baba, taho ka gani da idonka."

Ta nuna masa kasko dabam, rataye a ƙusarsa. Ta fasa sabon galan ɗin mai a gabansa. Ta nuna masa katakon yanka mai launi dabam, da murfin da take rufe abincin masu irin wannan lalura. Ta ce miyarta ba ta san fulawa ba, da dankali take yi mata kauri. Ta miƙa masa kwalayen kayan ɗanɗano tun bai tambaya ba. Ya karanta, ya juya, ya sake karantawa. Ya dawo tebur fuska a ɗaure, don ya zo da faɗa cike da ciki bai sami inda zai sauke ba.

Ita da kanta ta kawo farantin, gasasshen kifi da shinkafa, ta ajiye a gaban Yaya. Furfura ya jawo shi gabansa, ya kai hannu kafaɗa.

Caraf ta riƙe masa hannu.

"Baba, me za ka yi?"

"Gogewa zan yi. Tsafta ai ba ta yawa."

Ta dubi tawul ɗin, ta dubi gemun. "Wace sana'a kake yi?"

Ya ɗaga kai. "Gidan burodi gare ni. Shekara ashirin da bakwai."

"Daga can kake yanzu?"

"Daga can nake. Amma na canza riga."

Ta zare tawul ɗin daga hannunsa, ta je teburin can ƙarshe da babu kowa, ta kaɗa shi sau ɗaya a kan baƙar ledar. Teburin ya yi fari fat.

Wallahi da dariya ta taso mini sai da na ciji mayafina. Tawul ɗin da yake goge hannu da shi tun asuba a bakin kwaɓi ke nan. Mai burodi ba ya ganin fulawa, a idonsa tawul fari tawul ne mai tsafta. Mu ma da muka saba ganinsa da shi, kamar kunnensa muka ɗauke shi, ba wanda ya taɓa lura. Ko kuwa in ce ni ban lura ba, don da na juya sai na ga Yaya ta sunkuyar da kai tana wasa da zobenta.

Na ce, "Yaya, kin sani?"

"Zargi dai na yi. Makonni biyu ke nan."

"Kika yi shiru kina ci?"

Ta ce, "Sau ɗaya na ga kukansa a kan burodi. Ban iya sa shi na biyu ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai, na wanke su tas su biyun a gaban mutane. Na ce ita ta zaɓi hanjinta ya lalace don kada namiji ya ji kunya, shi kuma ya zagi masu girki huɗu da makamin a kafaɗarsa. Furfura ya kalli garin da ke kan baƙar ledar. Ya tashi a hankali, ya koma teburin da ke kusa da ƙofa, ya zauna ya haɗa hannuwa a tsakanin cinyoyinsa. Mai abincin ta ɗauke farantin farko, don gemun ya riga ya yi shawagi a kansa, ta wanke hannu ta kawo sabo. Yaya ta ci tana satar kallonsa, yana satar kallonta. Ta cinye tas, har kan kifin.

Ranar Lahadi wajen ƙarfe goma na safe wayata ta yi ƙara. Shi ne. Na ɗauka.

Na ce, "Ranka ya daɗe, yaya jikin nata?"

"Auta, tun da gari ya waye nake zaune a ƙofar ɗaki ina jira in ji nishi. Addu'a nake ta yi Allah ya tashe ta lafiya, alhali na san abin da hakan ke nufi."

"To?"

"Ta tashi. Ta yi shara, ta yi wanki, yanzu haka faɗa take yi da yara a kan takalma." Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ƙarshe ba, na ji yana jan hanci. "Lafiyarta ƙalau, Auta. Ashe ni ne."